Kunya Biyu

Ran da na fita takaba
ban shiga gidan kowa ba,
fadama na nufa.
Shinkafa ta yi ciki, ba ta ji an yi rashi ba.
Jan-baki sun sauka ba mai kora,
igiyar gwangwanayen da ka ɗaura ta tsinke daga gabas.

Damina ashirin da uku ke nan
da muka saye ta a hannun Nadabo masunci.
Kai ka kawo kuɗin bijiminka,
ni na kwance awaki bakwai,
na ɗora da adashin man gyaɗa
da 'yan kunnen da Inna ta bar mini.
Dagaci ya jera mu a layi ɗaya.
Ka sa hannu da ajami,
ni aka shafa wa tawada a babban yatsa,
na dangwala ina dariya cikin mayafi.

Da na sauke gafakarka daga bango
gara ta riga ni.
Ba ta ci iyaka ba, ba ta ci farashi ba,
sunana ta zaɓa ta cinye tas,
ta bar mini baƙin tabon yatsa
tsaye shi kaɗai a bakin rami.

Ƙaninka Mudi bai ɗaga murya ba.
Yana jan carbi a ƙofar zaure ya ce,
"Yaya, gonar mamaci ta magada ce,
tumuninki ba mai taɓa miki."
Na ce, "Mudi, a cire nawa tukuna, sannan a kira saura gado.
A ina ka ga an gaji mai numfashi?"

A kotun Auyo fanka ba ta juyawa.
Magatakarda ya kama hannuna ya dangwala,
ya kara sabo da tsoho, ya girgiza kai:
ba su yi kama ba.
Ina za su yi kama?
Lauje ya raba wannan yatsa biyu shekarar ambaliya,
muna yanka cikin ruwa har gwiwa,
kai ka yage bakin rawaninka ka ɗaure mini.
Gonar da nake nema ita ta goge shaidata.

Sai ga Nadabo a amalanke,
idanu sun tafi, baki bai tafi ba.
"Awaki bakwai," in ji shi, "ɗaya ja mai ciki.
Ta haifa mini tagwaye ran Laraba.
Jikokinsu na ɗaure a garkena, alƙali ya aika a ƙirga."
Har Mudi sai da ya murmusa.

Rabi nawa. Tumuni daga naka.
Saura na yara, a kai igiya a auna.
Na ɗauka an gama.

Alƙali ya ce, "Faɗi sunan mamacin, a rubuta."
Na ce, "Malam."
Ya ce, "Baiwar Allah, malamai sun yi yawa a ƙasar nan."
Na ce, "Baban Sa'ade."
Alƙalami bai motsa ba.

Shekara talatin da ɗaya ina zagaye sunan nan
kamar mai tulu tana zagaye rijiya marar murfi.
Kunya biyu na riƙe maka,
ta gona da ta baki,
yau an ce in saki ɗaya in tsira da ɗaya.

Na ce, "Haladu."

Ya fito da tsatsa, kamar ƙofar rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba.
Wallahi sai da na waiga bakin ƙofa,
ko za ka amsa.

Sabuwar takarda na da hatimi shuɗi.
Sunana ne a kai, Tabawa, cikakke,
gefensa fili fari
wanda zai ɗauki mutum guda.
Na sa ta a gwangwanin madara, na danne murfi.

Da asuba na koma na ƙulla igiyar gabas.
Ban tsaya inda aka kafa turke ba,
na ja ta har ƙarshe.
Tsuntsu bai san rabi ba.